Ranar Da Koren Ƙyalle Ya Cinye Ganyen Albasa

Har gobe ban mantawa da ranar da munka kawo Baba Ummaru, wani manomin rani daga wajen Goronyo, ɗakin ɗaukar shirinmu. Lokacin ruwan dam bai daɗe da fara shiga gonaki ba, ni kuwa ina mai riƙon kyamara a gidan talabijin.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙyalle mai launi ɗaya ake ratayawa bayan mutum, na'ura ta share launin ta sa hoton da ake so. Da za a sayo kayan, anka tambayi shugabanmu Oga Bitrus, kore ko shuɗi. Ya zaɓi kore, don manyan baƙinmu sun cika sa shuɗiyar riga. Duk munka yarda da shi.

Baba ya iso cikin shuɗiyar babbar riga sabuwa ful, rungume da albasa mai ganye. Ya riga ya gaya wa mutanen garinsu, masu yi mashi dariyar noman rani, su taru gaban talabijin da marece su gani da idonsu.

Munka sa hoton dam bayansa, ya ɗaga albasa. Kai jama'a! Ganyen ya ɓace sarai, sai kawunan albasar ke reto cikin ruwa.

Baba ya leƙa akwatin talabijin da muke duba hoton ya ce, "Ɗana, mi ya ci ganyena?"

Oga ya yi mashi bayani, ya ce, "Baba, ba mu da shuɗin ƙyalle. Sai dai ka aje albasar ka faɗa da baki."

"Da baki? Ai sun gaji da jin bakina." Sai ya tuɓe rigar ya miƙo. "Ku rataya wagga."

Oga ya ce, "Haba Baba, da 'yar shara za a gan ka fa!"

"Ni sun san ni. Albasar nika so su gani."

Munka baza rigar a bango, munka juya na'ura zuwa shuɗi, na matso da kyamara. Ganye ya fito shar, tsoho na ta murmushi cikin koɗaɗɗiyar 'yar shara. Wallahi ya shiga raina.

Shi ya sa nake ce maku, yara masu koyon wagga sana'a, kafin ku zaɓi kayan aiki ku tambayi abin da mutane za su riƙo a hannu. Manomi zai yarda a gan shi ba riga, amma ba zai yarda a gan shi hannu wofi ba.