Rigar Aro a Tafkin Challawa

Ana sallame sallar asuba muka bar Bompai, ni da wani abokina mai kyamara, a cikin adaidaita sahun da kujerarsa ta fi dutsen niƙa tauri. Saboda Baba na yi tafiyar. Tsohon masunci ne, ya rataye tarunsa tun da ruwan kamfanoni ya fara kashe kifin Challawa. Yanzu yana kwance a gidana, ƙafa ta ƙi, abinci ma ya daina karɓa sai loma ɗaya da lallashi. Kullum maganarsa ita ce ruwan nan ya mutu. Ranar da na gaya masa an ce tsuntsayen ruwa sun dawo wani tafki a bayan kamfanonin fata, sai ya juya fuskarsa bango. Na ƙudura a raina sai na kawo masa hotonsu.

A Sharada tireloli sun cinye rabin hanya, ramuka sun cinye sauran. Muka tsaya wurin mai shayi, muka ji kuɗin ƙwai, muka ce burodi ma abinci ne. Kafin mu ga Challawa warin jima ya riga ya fito tarbarmu.

Tafkin ba wani babba ba ne, ga ledoji a gefensa. Amma da na ɗaga kai, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Baƙaƙen tsuntsaye ne masu dogon wuya, sun jeru a kan busassun kututtura, kowanne ya buɗe fukafukansa ya fuskanci rana, ba ya ko motsi. Ruwa na ɗiga daga gashinsu yana walƙiya, bututun hayaƙi a bayansu. Ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Muna matsawa suka watse. Muka jira suka dawo, muka sake lallaɓawa, suka sake tashi. Abin haushi, ga ma'aikatan dare suna wucewa dab da su, ko kallonsu tsuntsayen ba sa yi. Wani daga cikinsu, ɗan Nijar daga jin harshensa, ya tsaya yana yi mana dariya.

"Malam, da wannan farin kaftanin? Ai ba su san ku ba. Mu suka sani."

Ya tuɓe shuɗiyar rigar aikinsa ya miƙo. "Ku yi tafiya irin ta wanda ya gaji, kada ku yi sanɗa. Ku hanzarta kuma, jiniyar canjin aiki na kaɗawa za su tashi."

Rigar ta ƙi shiga tumbin abokina, don haka ni na saka, ya rataya mini kyamarar yana ta addu'a kada in jefa ta ruwa. Na taka ina jan ƙafa. Babu wanda ya tashi. Na kusance su har ina ganin jan idon ɗaya, na yi ta dannawa har jiniya ta kaɗa, sama ta cika da fukafukai.

Kafin azahar muna gida. A hanya na yi ta tunanin yadda na yanke wa wurin nan hukunci daga nesa shekara da shekaru, alhali masu wucewa ta gabansa kullum sun san yana da rai.

Baba ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya kai ta dab da idonsa. Ya ƙura wa hoton ido.

"Waɗannan ba sa shanya fiffike sai sun yi nutso," ya ce a hankali. "Kuma ba sa nutso a banza. Akwai kifi ke nan."

Ya share ido da bakin mayafinsa, ya gyara zama.

"Kai, ina abincin nan da aka kawo ɗazu?"