Baƙin Dokinmu a Sukuwar Kalgo

Ana sallame sallar asuba muka fita ta ƙofar Gwandu ta yamma, mu uku da doki da jakuna biyu. Ku da kuka ishe ni da tambaya tun da na dawo, ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe, kada wani ya sake tare ni a kasuwa ina tsakiyar ciniki.

Dokin na yayanmu ne. Akawal ne, baƙi wuluk, ɗan asali wanda aka san uwarsa da ubansa har da kakansa da aka zo da shi daga Azbin. Yaya ya rene shi tun yana ɗan duƙushi, ga dawa ga harawa ga kanwa, gatan da mu ƙannensa ba mu taɓa gani ba. Autan gidanmu shi ne mahayi. Ni kuwa aikina riƙe guzuri, don tsakanina da doki sai gaisuwa daga nesa.

Ga abin da ya fitar da mu. A Kalgo akwai tsohon filin sukuwa a bakin fadama, inda ake tsere kowace shekara in an gama yankan shinkafa, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Mahaifinmu ya taɓa cin tseren, maroƙa suka kira sunan gidanmu a tsakiyar taro, kuma tun da ya rasu ba a ƙara kira ba. Yaya ya ci burin maido da wannan suna. Sai dai yanar ido ta fara rufe masa gani, har sai mutum ya matso kusa yake gane shi. Da bakinsa ya ce mana bana ce ta rage masa. In baɗi dokin ya ci, sai dai a ba shi labari.

Ba wanda ya hau akawal a hanya, don kada ya gaji. Auta ne ke jan sa da hannu, ni da Yaya muna biye kan jakuna. Duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo ana dariya: ga doki yana tafe yana taƙama ba kowa a bayansa, ga masu shi suna zungurar jaki. Wata mai tallar nono ta tambaye ni ko mu ne barorinsa, na ce ta canka. Furarta kam ta yi daɗi, amma da na miƙa mata kuɗin wuri sai ta yatsina fuska, ta ce anini take karɓa. Har cikin ruga wuri ya zama abin wasan yara.

Hanyar Ambursa an share ta ta yi faɗi, wai saboda motar Bature, amma duk yinin nan ba mu ga mota ba, sai fatake da jakunansu ɗauke da albasa da gishiri. A Ambursa muka kwana. Washegari muka ratsa Birnin Kabi, na so mu tsaya in kalli wayar tangarahon nan da ake ta labari, Yaya ya ce ba kallon waya ya fito da shi ba. Daga nan muka yi kudu. Ƙasa ta sauya, ga fadama shimfiɗe iya ganinka, ga tarin shinkafa ana bugu, ga masunta da homa a kafaɗa. Kifin da a Gwandu sai ka yi shawara da aljihunka kafin ka taya, a nan gyara ake yi da shi.

Matar Auta 'yar Kalgo ce, bara aka ɗaura, kuma mahaifinta shi ne babban mai dawakin garin. Yana da wani farin doki, kili, wanda ya saba lashe tseren. Da la'asar muka isa Kalgo muka je gaishe shi. Kun dai san mu mutanen Gwandu da kunyar suruki: ba ka ambatar sunansa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka shiga gabansa a hanya, in kuka yi kiciɓis kai ne za ka ratse cikin gona. To Auta nasa ya fi na kowa. Tun daga kan lungu ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a wajen zaure yana kallon ƙasa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, ya ce ya ƙoshi, mutumin da rabonsa da abinci tun safe. Ni ba surukina ba ne, na cinye nawa na taimaka masa da nasa. Tsohon mutum ne mai fara'a da babbar murya. Ya shafa wuyan akawal ya yaba, ya ce kilinsa ma zai fito gobe da mahayinsa na kullum, Allah ya ba mai rabo.

Washegari da hantsi muka isa filin, kuma wallahi ya burge ni. Ƙasa ce mai laushi, ba dutse ba rami, dawakai na tashi daga gaban jama'a su miƙa har wata tsohuwar kuka, su zagaye ta su dawo. Na je na duba kukar. Gindinta duk zane ne, inda likkafun mahaya suka yi ta gogar ta tun zamanin kakanni, Yaya ya sa hannu ya shafa ya ce a ciki akwai na mahaifinmu. Jama'a kuwa kamar an yi shela, daga Diggi, daga Wurogauri, Fulani da sandunansu, Kabawa da ƙwaryar kifi, masu masa, masu hoce, masu rake. Makaɗa na ta kai da kawowa. Baturen Birnin Kabi ma ya zo aka kafa masa kujera, ya zaro agogo yana dubawa, ba wanda ya san abin da yake nema a ciki.

Aka fara da ƙananan dawakai. Wani ya ƙi zagaya kuka, ya zarce gulbi da mahayinsa ya tsaya shan ruwa, muka yi dariya har na ƙware da rake. Sannan aka kira 'yan asali. Suka jeru, mahaya duk sun ja amawali sun rufe fuska, ido kaɗai ake gani. Yaya ya kama damtsena ya ce in riƙa faɗa masa abin da ke gudana.

Ana shirin sakin su wani mutumin Diggi da ke gefena ya raɗa mini cewa kunama ta harbi mahayin kili da safe, tsohon da kansa ne a kai. Auta bai sani ba, kuma ba halin in kai gare shi. Ko da na kai, me zan ce masa? Ban gaya wa Yaya ba.

Aka buga ganga suka tashi. Kafin a kai kuka kili ya fice, akawal na biye da shi, sauran sun zama 'yan rakiya. Suka zagayo. Ina ta ce wa Yaya ga shi nan, ga shi nan, ya kamo shi, yatsunsa na nutsewa cikin hannuna. Da suka iso daidai jama'a kan akawal ya zo kafaɗa ɗaya da na kili, kowa ya ga wanda ya fi sauran ƙarfi. Nan ne iska ta zame amawalin tsohon, farin gemu ya bayyana. Na ga Auta ya waiga, ya sake waigawa, sai ya sunkuyar da kai ya ja linzami.

Akawal na fizgar kai yana neman hanya, Auta ya danne shi a bayan kili, su na baya kuma suna ta matsowa.

"Mi af faru?" in ji Yaya. "Don mi kay yi shiru?"

Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, don na san ni ma da ni ne a kan sirdin nan abin da zan yi ke nan.

Tsohon ya waiwaya ya ga abin da ake ciki. Muryar nan tasa ta cika filin.

"Kai, mi kaka jira? Wuce! Nan hili na, ba zaure na ba!"

Auta bai ɗago ba. Sai tsohon ya ɗan karkato, ya ɗaga bulala ya tsula wa akawal a cinya. Doki bai san suruki ba. Ya ƙwace kansa ya yi gaba, kuma kada ku ce tsohon ya sassauta, don dukan kilinsa ya shiga yi da gaske yana bin sa. Da ƙyar akawal ya riga shi da tsawon wuya.

Ban san lokacin da na jefar da rakena ba. Mata suka ɗau guɗa, makaɗa suka rufe mu, maroƙi ya ɗaga murya ya kira sunan mahaifinmu da na gidanmu har Gwandu. Yaya dai hawaye kawai ke bin gemunsa. Auta kuwa ko rigar da aka ba shi bai tsaya karɓa ba, ya diro ya tuɓe takalmi ya je ya tsugunna gefen kili, kansa a ƙasa kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Tsohon na haki yana dariya.

"Da ka bari nic ci don kunya," ya ce, "da yau na aika an ɗauko min ɗiyata."

Ranar an yanka mana rago, kuma Auta bai ci ba sai da muka kai masa bayan gari.

A dawowa ma jan akawal aka yi, sai dai wannan karon ba mai yi mana dariya, labari ya riga mu. Mun shigo Gwandu da yamma muka tarar unguwa ta cika. Matar Auta ta yi guɗa daga cikin gida, aka tambaye ta ta mijinta ce ko ta babanta, ta ce a ƙyale ta. Ni dai abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, kunyarmu abu ce mai kyau, ba zan ce a bar ta ba, amma wani lokaci ba ƙarami ne zai iya sauke ta ba, sai babba ya sa hannu ya sauke masa. Kuma na koyi cewa in za ka Kalgo kada ka wahalar da kanka da guzuri.

Da jama'a suka ragu, wani tsohon abokin mahaifinmu ya matso kusa da Yaya, ya tambaye shi a hankali ko ya samu ganin wani abu. Yaya ya daɗe yana murmushi kafin ya amsa.

"Ban ga huska ba, ban ga ƙahwa ba," ya ce. "Amma na ga baƙin abu ya wuce hwarin abu. Da idona nig gani."