Ƙwayoyi a Gwangwanin Alewa

Shekarun da na yi ina jan mota tsakanin Jibiya da Maraɗi, sai na tsallaka iyaka nake shan giya, wai don kada 'yan tasharmu su sani. Ina ɗauke da cutar ƙanjamau, giyar kuma kan sa in manta da shan maganina. Da likita ta gaji da ƙaryata, sai ta ƙara mini wata ƙwaya mai rage sha'awar giya.

Ni mai wayo, na juye duka biyun a gwangwanin alewa, na yar da kwalayen don kada wani ya karanta. A iyakar da ake farautar masu safarar ƙwayar tiramol!

Wata rana jami'in bincike ya buɗe gwangwanin a gaban fasinjojina. Ƙwayar farko, ta ƙanjamau, ya gane ta, ya ture gefe. Ya ɗaga ta biyun.

"Wannan fa, direba?"

Na amsa ciki-ciki. Ya ce bai ji ba. Haushi ya kama ni, na daka tsawa, "Ta barin giya ce!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai wata tsohuwa 'yar garin Daddara, wadda ta daɗe tana hawa motata, ta leƙo ta taga.

"Alhamdu lillahi, ɗan nan. Yau sai in yi barci a hanya."

Ashe kowa ya san ina sha. Barin ne kaɗai na iya ɓoyewa.