Waifai a Cikin Kwalla

Ranar da ƙanwata za ta yi karatu a musabaƙar Alƙur'ani, na baro Kalgo da hantsi a kan babur, raina fes. Baba ne ya koya mata karatu tun daga alif, amma shanyewar ɓarin jiki ta hana shi tafiya, idanunsa kuma ba sa ganin allon waya. Shi ya sa tun mako guda kafin ranar na kai gidanmu na Gwandu 'yar na'urar da ake sokawa a bayan talabijin, da ƙaramar waifai mai batir da ke ba ta intanet, don ya kalli musabaƙar kai tsaye. Na gwada, komai ya yi. Na nuna wa Inna maɓallin kunnawa, na koma wurin aiki.

Da na iso gida ranar musabaƙar, na tarar an zaunar da Baba a gaban talabijin, ya sha farar rigarsa ta Juma'a. Na danna rimot. Talabijin ta ce ba ta ga waifai ba.

"Inna, kin kunna ta?" na tambaya.

"Na kunna ta tun da sahe, na kuma adana ta," in ji ta.

Na duba wayata, ga sunan waifai yana leƙowa yana ɓacewa. Sai na ɗora wa na'urar laifi. Na zare, na hura mata iska kamar garwashi, na mayar. Na kashe talabijin na kunna. Sau uku ina rubuta lambar sirri da wannan shegen rimot, harafi ɗaya-ɗaya, gumi na ɗiga a kai. Ana haka saƙon malamar ƙanwata ya shigo: saura mutum biyu a kira ta.

Baba ya zuba wa allon ido. Hannunsa mai lafiya kawai yake murza gwiwarsa da shi. Ganinsa haka ya fi faɗa ciwo, kuma gaskiya tsoro ya kama ni. Saƙo ya sake shigowa: ta hau kujerar karatu.

Sai a lokacin maganar Inna ta dawo mini.

"Ina kika adana ta?" Da tsawa na faɗa, abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Kaza ta ture ta shekaranjiya," ta ce a sanyaye. "Shi na nis sa ta inda ba abin da ka taɓa ta."

Ta shige ɗakinta ina biye. Ta durƙusa, ta jawo babbar kwallar ƙarfe ta aurenta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga murfi. Ciki akwai wata kwallar, ita ma a rufe. A nan waifai take, nannaɗe cikin kallabi tare da 'yan kunnenta na zinari, koriyar fitilarta tana ta ƙiftawa. Inna ba ta da wurin da ya fi nan daraja.

Na fizgo ta na ruga. Kafin na ajiye ta, talabijin ta kama. Ashe ƙarfen kwallar ne ya tare ta. Da'ira ta yi ta juyawa, sai ga fuskar ƙanwata, ta cika allon. Ayoyi uku kacal suka rage mata.

Leɓɓan Baba suka fara motsi tare da nata. Da ta rufe karatun, ya daɗe yana kallon kujerar da ta bari. Sannan ya juyo wajen Inna, wadda ta tsaya a bakin ƙofa da kallabin a hannu, ya ce da harshensa mai nauyi, "Kin ji ɗiyarki? Ta ja maddar nan daidai. Shekara biyu muna faɗa a kanta."