Ƙwaryar Maigari da Wayar Madam Hawa

A gidanmu na ƙauye, can gefen Alela, ba a fara tatsuniya sai an wanke tukunyar tuwo. Dokar Kaka Dije ce, uwar mahaifina. Idan ɗari ya shigo, da an idar da magariba an ci abinci, sai mu jikoki mu kwaso karan gero mu hura wuta a ƙofar ɗakinta. Ita kuma ta miƙe ƙafafu bisa tabarma, tana ɓare gujiya, tana jefa ɓawon cikin wuta. Har yanzu idan na ji ƙaurin ɓawon gujiya sai in ji kamar zan waiwaya in gan ta.

Ba ta shiga labari da gaggawa. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu kuma mu amsa, "Ta zamna, Kaka." Cikin jikokin ni na fi kowa tambaya, har ta raɗa mini suna Dommi, saboda ba a kai ƙarshen magana ban ce "don mi" ba. Yayyena suna jin haushina, su riƙa mintsinina a ɓoye. Ita kuwa ba ta taɓa hana ni ba, sai dai ta ce in bari labarin ya sha iska tukuna.

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta ƙwaryar maigari.

Wai an yi wani gari mai faɗi, gidajensa a warwatse, wasu bakin fadama, wasu bisa tudu. Duk sanda maigari ke da magana, sai ya bi gidajen da ƙafa, ya fita da hantsi bai dawo ba sai rana ta yi sanyi. Wata shekara wani maharbi ya dawo daga daji mai nisa da irin duma a cikin burgamensa, ya ba maigari. Aka shuka, ya yi yaɗo har ya rufe danga, ya haifi duma guda babba da ƙanana masu yawa. Da aka fafe su, sai aka ga abin mamaki. Duk abin da aka faɗa cikin babbar ƙwaryar, ana jin sa cikin ƙananan, kome nisan inda aka kai su.

Nan na katse ta. "Kaka, in an dama fura ciki fa, maganar tana hitowa?"

Ta ce, "Tana hitowa mana, sai dai da ɗan tsami."

Maigari ya raba wa kowane gida ƙwarya ɗaya, ya riƙe uwar. Gari ya huta. In za a yi gayya, ya faɗa cikin ƙwarya. In akuyar wani ta ɓace, kafin ta kai bakin gonaki an tare ta. Aka yi alkawari duk gidan da ya ji magana ya ƙwanƙwasa ƙwaryarsa, don maigari ya san ta isa. Mai tuya ta buga da ludayi, maƙeri ya buga da ƙarfe, yara su buga da duk abin da hannunsu ya kai. Amon ya riƙa zuwa wa maigari kamar ruwan sama bisa rufin kwano, ya ji daɗi ya koma ya kwanta.

Ana nan, wata rana ya yi shela, amo ya taso kamar kullum, amma ya kasa kwanciya. Matarsa ta tambaye shi lafiya. Kaka ta kan canza murya a nan, ta yi ta kauri kamar ta namiji: "Kowa ya buga, amma ban ji ƙoshiya ba." Ashe akwai wani masaƙi da ke zaune shi kaɗai a ƙarshen gari, shi da ƙoshiyar saƙarsa yake bugawa, bugunta siriri ne, yakan zo bayan na kowa. Matar ta ce ƙila yana barci. Maigari ya kira sunansa cikin ƙwarya, gari duka ya ji, masaƙi bai amsa ba. Sai ya ɗauki sandarsa ya kama hanya. Ya tarar da masaƙi kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, randarsa ta bushe, ga ƙwaryar can rataye jikin bango, yana jin duk abin da ake faɗi amma ba shi da ƙarfin miƙa hannu. Maigari ya ɗebo ruwa ya ba shi, sannan ya goya shi har gida, ya yi jinyarsa har ya tashi.

"Sai ya fasa ƙwaryar?" in ji ni, don na saba a tatsuniya abin mamaki ƙarshensa a fasa shi ko a mayar da shi daji.

Kaka ta dube ni kamar na faɗi abin kunya. "Ya hwasa ta don mi? Ƙwarya mai kyau haka? Da ita anka kira mai magani." Ta karkaɗe zanenta ta ce, "Nan na aje ta, wanda ya riga tashi gobe ya ɗauka."

Ban gamsu ba. Na daɗe ina tunanin wane daji ne maharbin ya shiga, ko irin duman ya ƙare. Har ƙwaryar uwata na taɓa ɗauka na raɗa magana ciki, na aiki ƙanena bayan rumbu da wata ƙwaryar, in ji ko zai ji. Bai ji kome ba, sai faɗan da muka sha.

Kaka ta rasu ina kwaleji a Konni. Na gama karatu, na zama malamar lakwal, wato makarantar firamare, aka yi ta yawo da ni ƙauye-ƙauye har aka kawo ni wata lakwal ta wajen Bazaga. A nan na haɗu da Madam Hawa, daraktarmu. Mace ce gajera mai saurin tafiya, tana da tsohuwar moto, wato babur, mai tari kafin ta tashi. Da zuwanta ta buɗe wa iyayen yara gurup a waya. Ba ta rubutu da Faransanci, don ta san yawancinsu ba su karanta shi. Saƙon murya take yi da Hausa, gajere, ta fara da gaisuwa kamar ta shigo gida. Ranar komawa daga hutu, ranar da masu rigakafi za su zo, rufin kilas da iska ta yaye, duk a nan ake ji. Ubannin da ke ci-rani suna ganin hoton ƴaƴansu suna ban ruwa a lambun lakwal, su aiko da murya suna sa albarka. Rezo, wato sabis na waya, bai kamawa sosai a ofishinta, sai ta fita ƙarƙashin icen bedin da ke bakin ƙofa ta ɗaga wayar sama.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta cika damuwa da amsoshi ba. Mu malamai muna rububin jin wa ya ce me, ita kuwa sai ta taɓa saƙon nata, ta shiga inda waya ke nuna waɗanda suka saurara da waɗanda ba su saurara ba, ta tsaya kan na biyun tana motsa baki. Halina na yarinta bai bar ni ba, na tambaye ta.

Ta ce, "Waɗanda sunka amsa ai lahiyarsu lau. Ga su nan suna surutu."

Bayan babban hutu yara suna dawowa da kaɗan-kaɗan, saboda ana roron wake, kowane gida na buƙatar hannu. Saboda haka da Mariyama, wata ɗalibata ta ajin ƙarshe, ba ta dawo ba, na ɗauka gona ce ta riƙe ta. Yarinya ce mai kai, muna sa ran ta haye jarrabawar shiga kwaleji. Wata safiya Madam Hawa ta leƙo kilas ɗina ta yafuto ni.

"Uban Mariyama bai taɓa barin saƙona ya kwana ba," in ji ta. "Ko yana hanya da babbar mota sai ya ce ya ji. Tun kahin a dawo hutu bai buɗe ko guda ba. Na kira, wayar a kashe."

Na ce ƙila caji ne, ko yana inda babu rezo.

Ta ce, "Ƙila. In an tashi ki raka ni."

Gidan ba cikin gari yake ba, wata tunga ce tsakiyar gonaki, inda moto ke nutsewa cikin rairayi har sai mun sauka mun tura. Muka tarar da Mariyama tsugune gaban murhu, ƙaninta goye a bayanta, wata ƙanwar tana riƙe da zanenta. Ta rame har na yi jinkirin gane ta. A inuwar rumbu kakanta ne zaune, Baba Tanimu, wanda idanunsa suka daɗe da dushewa. Shi ya ba mu labari. Uwar yaran haihuwa ta zo mata da wuya, aka ɗauke ta a amalanke zuwa gidan likita na Konni, aka riƙe ta can. Uban yana ƙetaren iyaka da mota, lambarsa ba ta shiga, bai san abin da ake ciki ba. Yarinyar ce ke daka, ta ɗebo ruwa, ta kai awaki, ta dafa abin da ya samu. Da ta ga Madam sai ta sunkuyar da kai ta ce ta ɗauka an riga an kore ta.

Madam Hawa ta ciro waya, amma ba ta taɓa kome ba. Ta durƙusa gaban tsohon ta ce, "Baba, in ka yarda zan faɗa wa mutane. Abin da ka so a ji shi kaɗai zan faɗi."

Ya ce, "Ki ce ana neman ɗana Idi, gida na son ganinsa. Ki ce wakenmu na zuba a gona. Kar ki ce muna jin yunwa, ɗiyata."

Haka ta faɗa, ba ƙari. Sai da muka hau tudu saƙon ya tafi. Kafin mu iso lakwal wani direba ya amsa daga bakin iyaka, ya ce ya ga Idi a tashar manyan motoci, wayarsa ce ta faɗa ruwa, zai je ya same shi yanzu. Washegari mata suka fita roron waken, kowacce ta zo da ɗan ƙullin abin da ba a roƙe ta ba. Idi ya iso ya wuce Konni wajen matarsa, daga baya ya dawo da ita da jaririya. Mariyama ta koma kilas, muka riƙa zama da ita bayan an tashi har ta cim ma sauran.

A hanyarmu ta dawowa ran nan, ina bayan moto, tatsuniyar Kaka ta faɗo mini. Duk tsawon shekarun nan hankalina na kan duman, daga ina ya zo, yaya yake aiki. Ban taɓa tsayawa kan mutumin da ya san bugun kowane gida har ya ji rashin guda ɗaya ba. Kuma na gane bai koyi wannan a ƙwarya ba, ya koye shi ne tun yana bin gidajen da ƙafa. Na tambayi Madam ko an taɓa yi mata wannan tatsuniya. Ta yi dariya ta ce ita a birni ta girma, kakarta rediyo take saurare.

Yanzu duk Juma'a idan za ta wuce gida takan ratsa ta tungar, ta gaishe da Baba Tanimu, ta faɗa masa abin da ake ciki a lakwal. Na taɓa raka ta. Ta gama ba shi labari tsaf, sai ya ce ta kunna masa saƙon a waya.

Ta ce, "Baba, ai ga ni gabanka, abin da na faɗa maka yanzu shi ne a ciki."

Ya miƙo hannu yana lalube. "Kunna dai, ɗiyata. So nike in ji yadda kinka shiga cikin wayar."