Bunsurun da Ya Ƙi Girgiza

A tsibiri, ƙofar haikalin allahiyar tafki, Harkamaya mai kwalekwale tana kallon baƙon da ta ƙetaro da shi da matarsa: ƙaton tumbi, zobba sun nutse a yatsu, yana jan baƙin bunsuru. Ba a yanka hadaya sai an yayyafa mata ruwa ta girgiza, alamar ta yarda. Wannan bunsurun kuwa, an yayyafa masa, amma furen da aka rataya masa a wuya kawai yake tauna.

"Yallaɓai, bai yarda ba," in ji tsohon mai hidimar haikalin.

"Kawo butar nan, Baba."

Baƙon ya murɗe kunnen bunsurun, ya ɗura masa ruwan sanyi a ciki. Dabba ta girgiza.

"Ka gani? Ya yarda."

Harkamaya ta dubi matar baƙon, wadda ke sunkuye a bayansa, hannunta dafe da kunne. Ita ma, da alama, haka take yarda.