Murfi Guda Kowane Gindi

Ban taɓa mantawa da wata Alhamis ta cikin watan Afrilu ba, ranar da na kashe aikin shekara biyu da hannuna. Ku da kuke kiwon tarwaɗa tare da ni yanzu a Malumfashi kuna cewa na cika nacin awo. To ga dalili.

A lokacin ina aiki a gidan wani Alhaji, babban dillalin hatsi a Funtuwa. Ya je ƙasar waje ya ga tankin gilashi na kifin teku, ya ce sai an yi masa irinsa a falo. Wani injiniya ya zo daga Legas ya haɗa tanki mai cin lita ɗari shida. A ciki akwai kifaye, da jatan lande guda huɗu, da murjani mai rai guda goma sha huɗu. Murjanin nan ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba. Dabba ce, tana manne a dutse, tana da launi kamar zanen atamfa. Ni a aji uku na sakandare na tsaya, amma ina karanta lamba, shi ya sa aka ba ni kula da shi.

Ga yadda aikin yake. Ruwan teku ba gishiri kaɗai ba ne. Akwai wasu sinadarai 'yan mitsi-mitsi a ciki, irin su aidin, waɗanda murjani ke sha a hankali har su ragu, sai a mayar masa. Kowace Litinin nakan ɗebi ruwan tankin da sirinji in zuba a 'yar kwalba, in ɗiga maganin gwaji, in jira launi ya fito, in kwatanta da kati. Idan ya nuna ƙasa, in ƙara aidin mililita biyu. Biyu tak, a mako. Idan ya nuna daidai, in rufe kwalba in ajiye. Kafin injiniya ya tafi ya ce da ni, "Garba, abin da ba ka gwada ba, kada ka zuba."

A makon nan na'urar sanyaya ruwan ta lalace, ga zafin bazara. Ruwan da ya kamata ya tsaya a digiri ashirin da biyar ya haura talatin, murjani ya fara koɗewa. Na gwada aidin, daidai yake. Na sa fanka a bakin tankin, na daskarar da ruwa a gorori ina jefawa, na buga wa injiniya waya, ya ce zai aiko da kayan gyara ranar Talata. Sai dai ranar Asabar Alhaji yana da manyan baƙi daga Kano, kuma tankin nan shi ne abin da yake fara nuna wa kowa.

Da hantsin Alhamis ya shigo ya tsaya, hannu a baya.

"Garba, me ya sami furannin nan suka yi fari?"

"Zafi ne, Alhaji. Na'urar ce ta tsaya."

"Zafi? Yunwa dai. Kai ba ɗan manomi ba ne? Masara idan ta koɗe me ake ba ta?"

"Yuriya, ranka ya daɗe. Amma wannan ba masara ba ce. Na gwada, ga katin."

Ko kallon katin bai yi ba. Ya ce shekara talatin yana noma a Tsiga, bai taɓa tambayar kati ko gonarsa na jin yunwa ba. Ya ɗauki kwalbar aidin ya cire murfin, ya ƙirga murjanin da yatsa kamar mai ƙirga kunyoyin gona, ya ce, "Murfi guda kowane gindi. Haka malaman gona suka koya mana."

Murfin nan yana cin mililita biyar. Sau goma sha huɗu, saba'in ke nan, a inda ake zuba biyu.

Na ce, "Alhaji, zai kashe su."

Ya ce, "Kai ka saye su ko ni?"

Ina da mata da 'ya'ya biyar, kuma a gidan ba a ce wa Alhaji a'a sau biyu. Na karɓi murfin, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zubawa, yana tsaye yana cewa madalla.

Kafin la'asar jatan landen huɗu sun kife. Washegari naman murjanin ya fara saɓulewa, yana barin farin ƙashi, falon ya ɗauki ƙarni. Ruwan gishirin da nake da shi a haɗe lita ɗari ne kawai, na canza, na sake haɗa wani. Uku na ceto. Akwai wani kore da na raina tun yana kamar ƙwayar gyaɗa har ya kai tafin hannuna, shi ya fara tafiya.

Ranar Asabar baƙi suka tsaya gaban tankin. Ina daga bakin ƙofa na ji Alhaji yana cewa, "Ma'aikacin ne ya cika hannu da magani. Kun san mutanenmu, ba a ba su abin Turawa." Ranar Lahadi direbansa ya kawo mini saƙon in ajiye makulli. Alhaji ko fuskata bai iya kallo ya faɗa da kansa ba.

Na daɗe ina zaginsa a raina, har yau ma ban gama ba. Amma abin da ya fi ci mini rai, hannun da ya zuba nawa ne, kuma ni kaɗai ne a falon na san abin da zai faru. Da na ƙi, kora ce. Na bi, korar ce dai. Da na sani, da na zaɓi wadda za ta bar murjanin da rai.

Don haka idan kun ga na tsugunna bakin kududdufi da 'yar kwalbata, ku yi ta dariya. Mai gida yana iya ba ka umarni, amma ruwa bai san Alhaji ba. Ku gwada kafin ku zuba. Idan kuma aka ce ku zuba abin da kuka san kisa ne, ku miƙa wa mai shi murfin ya zuba da kansa.